Riga Mai Lamba Ɗaya

Shafi na 27

Da sunan Allah. Masu cika min waya da "Malam a ci gaba, Malam mun ƙagu" tun kafin in karya kumallo, na gani. Ni ke dafa abincina, ni ke wanke tukunyar, don haka shafi yana fitowa ne idan hannuna ya bushe. Wanda kuma ya kwafe shafin jiya ya liƙa sunansa a kai, ya kwafe har da kuskuren da na yi. Allah ya ƙara masa basira.

*

A tsakiyar tebur aka ajiye rigar, dab da farantin soyayyen nama, har maiƙo ya fara kama hannunta. Koriya ce, da lamba ɗaya a baya. Wanda ya fita da ita daga falon Alhaji Mu'azu yau, shi zai je Ikko ya tsaya gaban masu zaɓar 'yan ƙwallon zari-ruga na ƙasa. Gurbi ɗaya tak aka ba ƙungiyar garuruwa uku, Jega da Aliero da Maiyama, aka kuma faɗi irin wanda ake so: mai wuya, mai ƙugu, wanda zai tsaya sahun gaba a turereniya, inda ƙarti takwas ke haɗa kafaɗu su tura ƙarti takwas.

Kowa a falon ya san Muntari ake nufi.

Shi ya sa aka kira taro.

Muntarin yana waje, zaune a dakalin da ke ƙarƙashin taga. Daga lodi ya taho, daga kasuwar albasa ta Aliero, ɓawon albasa bai gama fita daga gashinsa ba. A ɗaya ƙarshen dakalin Waliyyu ne, ɗan ƙanwar Alhaji Mu'azu, ɗalibi, siriri, yana ta juya waya a hannu bai kunna ta ba. Tagar a buɗe take. Alhaji ne ya ce a buɗe, wai don iska.

"Koci, bismillah," in ji Alhaji Mu'azu, shugaban kwamiti, yana sakace. "Kai ka da ilimin abin. Mu jahilai na, saurare za mu yi."

Ban taɓa jin mai hali ya kira kansa jahili ba sai ya riga ya gama yanke hukunci.

Koci Abdulmumin ya miƙe tsaye, ko da yake ba wanda ya ce ya miƙe. Ɗan Jega ne, amma a barikin soja a Kaduna ya tashi. Can ya koyi wasan, can kuma aka koya masa cewa idan kana da gaskiya sai ka faɗe ta a ji. Har yanzu garin nan bai gama warkar da shi ba.

Hankalinsa a kwance yake, don ya riga ya yi lissafinsa. Mutum biyar ne a kwamiti. Akwai shi, akwai Alhaji Alu wakilin Aliero, wanda Muntari ke yi wa lodi. Sai Malam Idris na Karaye, wani ƙauye a ƙasar Maiyama, wakilin Maiyamar, wanda ya ƙi hawa kujera ya zauna a kan darduma a kusurwa, malfarsa a gwiwa. Shi kuwa mahaifin Muntari ne. Hannu uku ke nan. Koci har ya ce wa yaron ya wanke kayansa.

"Ranka ya daɗe, maganar gajeriya ce. Bidiyon wasanmu suka gani suka kira ni. Yaron da ya tura sahun 'yan Birnin Kebbi har suka zauna a ƙasa, shi suke tambaya. Muntari ne. Ni ban ma san abin da muka zauna tattaunawa ba."

"Sun hwaɗi suna?"

"Sun ce lamba ɗaya."

"To." Alhaji ya nuna rigar da tsinken sakace. "Ga lamba ɗaya nan bisa tebur. Riga sunka gani, riga za mu aika musu."

Yalwa ya fashe da dariya. Yalwa shi ne kakakin kwamiti, kuma sana'arsa a duniya ita ce ya fara dariya tun kafin Alhaji ya ƙarasa barkwanci.

"Koci, yi haƙuri, amma an bar ka baya," in ji Yalwa, yana goge ido. "Ni ina bibiyar wasan ga ga waya. Ko can ƙasashen Turawa gardamar da a ka yi ke nan kullum. Masu sharhi na cewa zamanin ƙarti ya wuce, yanzu wasan basira na da gudu. Kocin da duk yal liƙe ma ƙarti, kora tai a kai."

"Yaushe ka fara bibiya?"

"An kwana biyu."

"Mutum nawa ke shiga fili?"

Yalwa ya dubi Alhaji, ya dubi silin.

"Ba lissahi munka zo yi ba."

"Goma sha biyar ne. Kuma ka koma wayar ka duba Afirka ta Kudu, su har a benci ƙarti suke jerawa. Gudu yana da wurinsa. Waliyyu yana da gudu, ni na horar da shi, a gefe yake wasa kuma bai taɓa ba ni kunya ba. Amma ba ɗan gefe aka nema ba."

Alhaji Alu ya ajiye kofin lemo da ƙarfi.

"Ni ban san benci ba, ban san gehe ba. Abin da nis sani, yaron ga shi ka ɗaukar buhun albasa shi hau tsani shina gaisawa da mutane. Ɗan ƙanwarka kuwa, Mu'azu, in an aza mai kwandon tumatir sai an kawo muna shi Aliero ɗori."

Kada mai karatu ya ɗauki Alu waliyyi. So yake ya je kasuwannin kudu ya ce ɗan lodinsa yana buga wa ƙasa wasa. Amma a falon nan ko son kai, idan ya fuskanci daidai, sai a gode masa.

Alhaji Mu'azu bai ji haushi ba. Bai cika jin haushi ba, yana da masu ji masa.

"Alu, kai albasa kas sani. Ni mutane nis sani. Can Ikko ba tsani za a hau ba. Otal za a sauke su. Za a aje musu cokali ukku gaba, za a yi musu Turanci, 'yan jarida su sa musu abin magana ga baki. Wanda duk za shi, sunan garuruwa ukku ya ɗauka bisa kai. Kana so a ce mun aika da warin albasa?"

"Warin albasan ga yag gina rabin Sabon Garin Jega. Har gidan ga da mu ka ciki."

"Ban musa ba. Amma ban sa shi ga hwalo."

Yalwa ya sake dariya. Wannan karon ya makara kaɗan.

A waje, Muntari ya sunkuyar da kai ya shinshina hannun rigarsa. Waliyyu ya gani, ya kau da fuska.

"Kuma," in ji Alhaji, "lamba ɗaya ta. In an jera garuruwan ga, kowa ya san wa ka gaba. Ba ya yiwuwa Jega na zaune, ɗaya ta tahi Karaye."

Koci ya dafe tebur.

"Alhaji, lamba ɗaya ba rawani ba ce. Wurin tsayuwa ne. Mai ita kansa yake cusawa tsakanin kawunan mutane, nauyin sahu biyu ya sauka a wuyansa. Wanda ba a horar ba, idan aka danna shi sau ɗaya, ba zai sake juya kansa ba har ya mutu. Ka taɓa duban wuyan Waliyyu?"

"Allah ka tsarewa."

"Allah ne ya ba Muntari wuyan ai."

"Koci, ka hwara wa'azi." Alhaji ya juya wajen taga ya ɗaga murya. "Waliyyu!"

"Na'am, Kawu."

"Tsoro ka kai?"

"A'a, Kawu."

"Kana son tahiya?"

Ana jin fankar sama tana kukan rashin mai.

"Yadda kac ce, Kawu."

"Kun ji. Yaro ya nuna sha'awa." Alhaji ya yar da tsinken a faranti. "Mu kada mu ɓata lokaci, la'asar na tahe. Yadda munka saba, ɗaga hannu. Yalwa, ɗauki muna hoton bidiyo, kada gobe a ce an yi maguɗi. In an gama ka sa shi ga zauren ƙungiya na waya kowa shi gani, har mutanen Maiyama."

Yalwa ya ɗaga waya. Bai nuna ta ga Alhaji ba, bai nuna ta ga rigar ba. Kusurwa ya nufa da ita, inda Malam Idris yake.

"Masu son Waliyyu shi tahi."

Hannun Alhaji ya tashi. Na Yalwa ya bi, na hagu, don na dama yana riƙe da waya.

"Madalla. To, masu son ɗan Malam Idris shi tahi."

Hannun Koci ya tashi kamar na ɗan firamare da ya san amsa. Na Alu ya tashi, da zobensa.

Biyu da biyu.

Koci yana murmushi, yana jiran na uku.

Malam Idris yana kallon zanen darduma.

"Malam," in ji Koci a hankali, "kai ake jira."

Tsohon bai motsa ba. Yatsunsa kawai ke bin bakin malfa.

Alhaji Alu ne ya fara sauke hannu. Ya dubi Malam Idris, ya dubi wayar Yalwa, sannan ya dubi Alhaji Mu'azu, ya daɗe yana dubansa.

"Innalillahi. Malam Idris, yaron ga... shi na babba ga ɗiyanka?"

Tsohon ya ƙara sunkuyar da kai. Ita ce amsar.

"Ɗan hwari na," in ji Alu, kamar mai yi wa kansa ta'aziyya. "Wallahi ɗan hwari na."

"To sai me?" in ji Koci.

Saboda 'yan birni da ke bin labarin nan, irin Koci: a gidaje irin na Malam Idris, uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari. Ba ya yabonsa. Ba ya tsaya masa a gaban mutane, kuma idan ana rabo ba ya miƙa hannu dominsa. Kunya ce, da ita ake auna mutum a Karaye, kuma Malam Idris ya yi shekaru ana misali da tasa. Tun ranar suna, "kai" yake ce wa yaron, idan kuma baya nan ya ce "wancan". Duk wasan da ƙungiyar nan ta yi, ana ganin babur ɗinsa can nesa da fili a gindin dogon yaro, shi kuma a durƙushe yana gyaran sarƙar da ba ta lalace ba.

Al'ada ce mai kyau a hannun mutanen kirki. Yau ta shigo falo.

Alu ya miƙe, babbar rigarsa ta kwashe kofi.

"Mu'azu. Da can wa ka wakiltar Maiyama?"

"Wani malamin makaranta."

"Yaushe kac canza shi?"

"An yi mai sauyin wurin aiki."

"Ƙarya ka kai. Shina nan, na gane shi shekaranjiya shina sayen mai. Sai da 'yan Ikko sunka kira Koci, sannan kat tashi da kanka har Karaye, da ƙwaryar goro, kac ce kwamiti na son karrama dattijo. Ni har yabonka niy yi, jakin banza ni. Nic ce Mu'azu ya hwara tsoron Allah."

"Laihi na in an karrama dattijo?"

"Ka san ba shi iya ɗaga hannu!"

Alhaji Mu'azu ya gyara zama, ya ɗauki tsoka guda, ya duba ta, ya mayar.

"Na san mutanena, Alu. In laihi na, shi ke nan laihina. Koci ya san ƙwallo. Kowa da abin da yak karanta."

Bai ko ɓoye ba. Na karanta labarin azzalumai da yawa, mafi yawansu suna ɗan wahalar da kansu su nemi hujja. Namu na gida sun daina.

Koci ya zagayo tebur ya durƙusa a gaban Malam Idris. Niyyarsa mai kyau ce. Da ya yi shiru da ya fi.

"Baba, don Allah ka saurare ni. Ɗanka ne. Muntari ɗanka ne, kuma wallahi a shekarun da na yi ina koyar da wasan nan ban ga kamarsa ba. Ƙarfi, haƙuri, kai. Abin da za ka yi alfahari da shi ne. Ka faɗa musu. Ka faɗa musu irin yaron da ka haifa."

"Koci, rufa bakinka," in ji Alu.

"Don me zan rufe? Gaskiya ce!"

"Kana ƙara tura shi rami."

Amma an riga an yabi ɗan fari a gaban ubansa, a gaban mutane, waya tana ɗauka. Hanya ɗaya ce ta rage wa mai kunya, kuma Malam Idris ya bi ta. Ya yi magana a karon farko tun da ya yi sallama, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Wancan... ba wani abu na ba. Jiki na kawai. Ba shi da wani wayo."

"Kun ji," in ji Alhaji Mu'azu. "Daga bakin ubanai. Yalwa, ka samu?"

"Ya hito ras, ranka shi daɗe."

A waje, Waliyyu ya dubi Muntari da sauri.

"Ba haka ya ka nuhi ba."

"Na sani," in ji Muntari.

"Wallahi ni ban roƙa ba."

"Na sani."

"Ni ko abinci ban iya ci ba tun da Kawu yah hwaɗa min. Na tai na kalli yadda a ka turereniyar ga can wajensu. Muntari, mutanen ga kamar bijimai."

"To shiga ka hwaɗa mai."

Waliyyu ya dubi ƙofar falon. Ya kunna wayarsa.

A ciki, Alu ya zauna a ƙasa kusa da tsohon, abin da gwiwoyinsa ba su yafe masa ba.

"Malam, ji nan. Ba sai ka hwaɗi suna ba. Ba sai ka dubi kowa ba. Ce kawai ka bi bayan Koci. Koci ka zaɓa, ba kowa ba."

"Alhaji, kowa ya san inda bayan Koci yan nuhwa."

"To kada ka ɗaga ma kowa. Tashi ka hita, ka ce alwala."

"In ya hita biyu da biyu na," in ji Yalwa. "Shugaba ka raba gardama. Haka tsarin yake."

"Kai wa yat tambaye ka?"

"Tunatarwa ta."

Alu ya sake matsawa.

"Malam, ɗaga hannun ga. Sau guda. Ni na ɗauki zunubin. Wa za shi zarge ka?"

Malam Idris ya ɗago ido a karon farko. Ba Alu ya duba ba, wayar ya duba.

"Ran kasuwa za a nuna shi. Za a ce an sa Idris kwamiti, abu guda anka kawo a raba, yas sa hannu ya ɗauka ma gidanai. Ni da ko naman suna ban taɓa miƙa ma wancan ba gaban jama'a."

"Sai su ce! Kwana nawa za su yi suna cewa?"

"Kai Aliero ka ka kwana, Alhaji. Ni can ni ka kwana."

Koci yana nan durƙushe, bakinsa a buɗe. Ya yi shekaru yana koya wa yara yadda ake faɗuwa ba a karye ba, ba wanda ya koya masa wannan.

Alhaji Mu'azu ya duba agogo.

"Dattijo, ba mu matsa maka ba. Kowa ya san ka da kawaici, shi ya sa munka ɗauko ka. Ni dai za ni sake tambaya, don bidiyo shi hita da tsabta. Masu son ɗan Malam Idris na hwari shi tahi?"

Har da "na hwari" ya ƙara. Don tsabta.

Koci ya ɗaga. Alu ya ɗaga, yana zagi ƙasa-ƙasa.

Hannun Malam Idris na dama ya bar malfa. Ya taso kamar taƙi guda daga gwiwa. Ya tsaya a nan. Duk falon aka zuba masa ido, har Yalwa ya leƙo ta gefen waya.

Sai hannun ya koma ya kama malfar.

"Masu son Waliyyu?"

Alhaji. Yalwa.

Da Malam Idris ya bar hannunsa a ƙasa, da sakamakon bai canza ba, shugaba zai raba. Amma mai kunya ba ya tsayawa rabin hanya. Idan ɗan wani da naka suka tsaya, na wani ake ba. Ya ɗaga hannu sosai, har sama, kansa a sunkuye.

"Ukku da biyu," in ji Yalwa. "Allahu akbar. Dimokuraɗiyya."

"Allah shi yi maka albarka, dattijo. Irinku sun ƙare." Alhaji ya ɗauki rigar da yatsu biyu. "Waliyyu, zaka."

Waliyyu ya shigo ya durƙusa. Aka ce ya sa a gani. Ya zura ta a kan rigarsa, wuyan ya zamo har kafaɗa, hannuwan suka sauko gwiwar hannu, ga tabon maiƙo a gefe. An ɗinka ta ne don wani.

"Ta yi mai," in ji Yalwa.

"Tela na rage ta," in ji Alhaji.

Koci ya miƙe.

"Zan kira su in gaya musu abin da aka yi."

"Kira su. Wanda ƙungiya ta aiko shi su ka amsa, kai kah hwaɗa muna da bakinka. Kuma ka tuna hilin da ku ka wasa, na wa na." Alhaji ya tura masa faranti. "Ci nama, Koci. Ka yi magana da yawa."

Ina so in rubuta cewa Koci ya kifar da farantin. Bai kifar ba. Ya tsaya yana dubansa, ya ce ya ƙoshi, ya fita.

Muntari yana nan inda yake a dakali. Koci ya zo ya tsaya a kansa, ya rasa ta inda zai fara.

"Na ji komi, Koci. Ba sai ka hwaɗi ba."

"Ni na ce ka wanke kaya."

"Sun bushe."

Alu ya fito yana saɓa riga, yana huci kamar wanda ya hau tsanin da kansa.

"Kai, Muntari. Motata da kunka loda da sahe tana tashi Ikko bayan la'asar. Akwai wuri bisa buhunna. In kana iya kwana biyu cikin warin da Mu'azu ba shi so, direba na aje ka har ƙohwar hilin."

"In ba riga, ba za su bar shi ya shiga ba," in ji Koci.

"Shi tsaya bakin ƙohwa. Makahi na? Wanda duk yag ga wuyan ga sai ya tambayi na wane na."

Koci ya ce, "Ba alkawari. Amma zan kira wanda ya kira ni, in ce ya leƙa waje."

"Ina mota," in ji Alu. "In kai ka Aliero. Kada ka daɗe."

Ya fita, aka rufe ƙyauren ƙarfe a bayansa aka sa sakata.

Malam Idris ne ya fito daga falon a ƙarshe. Muntari ya riga shi isa bakin ƙofa, ya durƙusa, ya juyo masa takalmansa ya daidaita su.

"Baba."

Tsohon ya zura ƙafa ɗaya.

"Motar Alhaji Alu na tashi bayan la'asar. Za ni bi ta."

Ƙafa ta biyu ta tsaya a sama.

"Kai. Ba ka zuwa."

"Ba riga za ni nema ba. Gani na kawai za su yi."

"Na ɗaga hannu gaban mutane. In kat tahi, cewa za a yi da dama nib ba da, da hagu na amshe. Cewa za a yi mun haɗa baki."

"Wa za shi ce?"

"Kowa."

"Baba, na ji abin da kac ce ciki. Ban ji zahi ba, na san dole ta. Wagga ba dole ta ba."

"Kai, ina magana kana magana?"

Muntari ya miƙe. Bai taɓa miƙewa a gaban mahaifinsa ba sai an sallame shi, don haka sai yau su biyun suka ga tazarar. Kan tsohon bai kai kafaɗarsa ba.

"Allah shi huci zuciyarka."

Ya juya ya nufi ƙyaure.

"Kai!"

Bai tsaya ba.

"Kai, yaron ga!"

Ya wuce motar Alhaji Mu'azu, ya wuce tankin ruwa.

"MUNTARI!"

Koci ya juyo. Yalwa da ke bakin taga ya sauke waya. Sunan ya fito a karkace, muryar ta tsage a tsakiyarsa, irin ta wanda bai taɓa gwada shi a fili ba. Da a falo ya fito ɗazu, tare da hannu, da yaro ya tafi da rigarsa. Sai yanzu, a tsakar gidan wani, da takalmi ɗaya a ƙafa, don a hana shi.

Muntari ya tsaya, hannunsa a kan ƙyaure. Bai juyo ba.

A waje Alhaji Alu ya danna ham.

"Na'am, Baba."

Ya amsa da ladabi, yadda aka koya masa.

Sannan ya zare sakatar.